Kawu sau arba'in

9 ga Nuwamba

Yau dai na yanka takardun. Manyan falle biyar ne, kowanne na raba shi takwas, arba'in ke nan cif, kuma na yi wa kaina alkawari ba zan ƙara sayen wata ba sai waɗannan sun ƙare, don kuɗin da na ajiye a shagon nan na Samaru har yanzu in na tuna sai na ji cikina ya juya. Ta auduga ce, mai nauyin giram 300, irin wadda ko ka jiƙa ta sharkaf ba ta saɓulewa. Fentin kuma tsohon akwatina ne na Cotman mai kala goma sha biyu, sai buroshi uku, babba ɗaya ƙanana biyu.

Aikin shi ne mutum ɗaya zan zana sau arba'in da fentin ruwa, wato Kawu, a zaurensa, a kujerar nan tasa ta katako da yake zama kullum bayan la'asar yana jin rediyo. Shekara uku ina taɓa fentin ruwa amma duk tulu ne da buta da mangwaro, da zarar na zo kan mutum sai ya fito kamar gunkin da ake rataya wa kaya a shagon tela, ido biyu hanci ɗaya komai na wurinsa, amma ba kowa a ciki.

Mutum uku zan riƙa dubawa ina gwada hanyarsu. Egon Schiele, wanda Shile ake faɗa, da Oskar Kokoschka, shi ma Kokoshka zan riƙa rubutawa don sauƙi, su biyun 'yan Ostiriya ne, sai Emil Nolde na arewacin Jamus. Zamaninsu ɗaya, yarensu ɗaya, dukkansu mutum suke zanawa a murɗe ba yadda kyamara take ɗaukarsa ba, amma kan yadda ake bi da ruwa a takarda sun yi hannun riga.

Kawu ya yarda. Ya tambaye ni ko na ji abin da malamai suke cewa kan zanen mai rai, nace na ji kuma na tambaya, yace to shi dai zama ne nasa. Sharaɗinsa ɗaya, kada in ce masa ya kashe rediyo.

17 ga Nuwamba

Da Shile na fara don shi ne ya fi kama da abin da na saba, fensir tukuna sannan kala. An haife shi a 1890 a Tulln, babansa shugaban tashar jirgin ƙasa ne a garin, da na gaya wa Kawu haka sai ya rage muryar rediyo ya ce ashe ɗan gida ne, shi da ya yi shekarunsa duka a reluwe. Yana ɗan shekara 16 ya shiga makarantar zane ta Viyana, ya bar ta a 1909 don shi da malaminsa ba sa jituwa. Da yawa daga zanensa na tsiraici ne, waɗannan ba ruwana da su, hannaye da fuskoki da masu tufafi nake dubawa kuma sun ishe ni karatun shekara.

Abin da na gano da na ƙura wa hotunan ido a waya har idona ya fara ruwa shi ne, a wurin Shile layi ne sarki, kala baiwarsa ce. Layi ɗaya yake ja daga kafaɗa har yatsa ba ya komawa, kuma waɗanda suka san shi sun ce ba ya amfani da kilina, in layin ya kauce sai ya jefar da takardar ya ɗauki wata. Kalar ma sau da yawa ba a gaban mutumin yake sa ta ba, sai an tashi. Kuma ba shimfiɗa ta yake yi ba, goga ta yake yi a cikin layin kamar mai wanke tukunya, har kana ganin sawun gashin buroshi, ya tara ja a gaɓoɓin yatsu da gwiwar hannu da kunne, ya bar sauran takardar wayam, wani lokaci ko kujerar da mutumin yake zaune a kai babu, mutum yana zaune a kan iska.

Na yi biyar a satin nan. Dukkansu na goge na sake har takardar ta yi gashi, da na sa ruwa sai wurin da na goge ya sha fenti fiye da ko'ina ya yi baƙi. Na huɗu hannun Kawu ya fito da yatsu kamar rogo. Jiya na kira ƙanwata na ba ta kilinan nace ta ɓoye kada ta ba ni ko na roƙe ta.

25 ga Nuwamba

Shile ya yi zane da yawa a kan takardar naɗe kaya mai ruwan ƙasa, musamman wajen 1910, sai ya zagaye mutumin da farin fenti mai kauri, mutum ya ɓullo daga takardar kamar an haska fitila a bayansa. Na samo manyan ambulan na kaki guda shida na farke su na gwada, waɗannan ba sa cikin lissafin arba'in.

Farko dai fentin ruwa zalla mutuwa yake yi a kan kaki. Haskensa daga farin takarda yake zuwa, ya ratsa fentin ya dawo ido, to in ba fari a ƙasa sai shuɗi ya koma toka. Dole sai da guwash, mai kaurin nan da yake rufe abin da ke ƙarƙashinsa, shi ya sa Shile yake haɗa su biyun.

Amma wani abu ya faru da ban yi tsammani ba. Duk biyar ɗin farko abin da ya fi ba ni wahala fatar Kawu ce, don ja da koren da Shile yake zubawa a gaɓoɓi na farar fata ne, fatar da jini yake nunawa ta cikinta, in ka ɗora wannan a kan baƙin mutum sai ya zama kamar ya yi haɗari da mashin. A kan kakin kuwa takardar da kanta ta yi min rabin aiki, ban yi wa fuskar fenti ba sam, na sa shuɗi da ɗan shunayya a gefen goshi inda hasken ƙofa yake sauka, na sa ruwan goro a kan kunci da tafin hannu, farin guwash a gemu da hula, shi ke nan. Karon farko da na ga Kawu a takarda. A kan ambulan ɗin da aka aiko wa wani takardar sallama ko ta gayyata, oho.

8 ga Disamba

Hunturu ya sauka sosai, kuma a daidai lokacin na ce bari in koma kan Nolde, wauta ke nan.

Nolde kishiyar Shile ne ta kowace fuska. Shi ba ya fara da layi. Takardar Japan yake amfani da ita, mai shan ruwa kamar tsumma, ya jiƙa ta, ya cika buroshi da kala har tana ɗiga, ya saka ja kusa da shuɗi kusa da rawaya ya bar su su shiga juna yadda suka ga dama, sai daga baya in ya hango fuska ko mutum biyu a cikin dabbaren ya ɗauki siririn buroshi ya fito da su da ɗan layi. Wato shi ruwa ne yake fara magana, shi kuma ya amsa. Sunansa na yanka Emil Hansen, an haife shi a 1867, Nolde sunan ƙauyensu ne da ya ɗauka a 1902, ya zauna a Seebüll kusa da iyakar Denmak, ƙasar fadama da hazo a bakin teku inda tsumma yake kwana bai bushe ba.

Ni kuma ina Zariya a watan Disamba. Na jiƙa takarda, kafin in juya in ɗebo ja a faranti gefenta ya bushe. In na ƙara ruwa a kan wurin da ya fara shanyewa sai sabon ruwan ya ture fentin gefe ya bar wani zobe mai baki-baki, wallahi kamar taswirar da yaro yake bari a katifa. Na shida, na bakwai, na takwas, na tara, duk haka. Ga ƙura, tana sauka a kan danshin ta manne, in ka shafa bayan ya bushe kamar sanfefa.

Abin dariyar shi ne Nolde ma yanayi ya taɓa shiga masa aiki, a 1908 a wani ƙauye Cospeda kusa da Jena yana zane a waje cikin sanyi fentin ya riƙa daskarewa a takarda yana yin zanen ƙanƙara, shi kuma murna ya yi, ya ɗauke shi a matsayin taimako. Ni na kasa ganin taimako a ƙurar nan.

16 ga Disamba

Wani abokina da ya karanta zane a jami'a yace in gwada ƙaro da zuma a ruwan da nake tsoma buroshi. Ashe abin da yake riƙe garin kala a fentin ruwa ba komai ba ne illa ƙaro, ƙaron dakwara ɗin nan dai da almajirai suke sa wa tawada don ta kama allo, wanda ake ɗiba a Borno da Yobe da Jigawa, Sudan kuma ta fi kowa fitar da shi a duniya. A kwashe shi a buhu a kai Turai a dama da kala a zuba a ɗan ƙoƙon roba kamar ƙwallon dabino a dawo mana da shi da tsada. Zuma ko gilisarin kuma su suke hana shi saurin bushewa.

Na sayi ƙaron naira kaɗan a kasuwa, na jiƙa ya kwana, na tace da tsohon ɗankwali. Ya taimaka, ba laifi, kala takan tsaya a jiƙe ta ɗan ƙara lokaci kuma ba ta gudu barkatai. Amma na goma na cika hannu, ya bushe yana ƙyalli kamar an shafa masa mai, da na lanƙwasa takardar sai rigar Kawu ta tsattsage. Na sha ɗaya kuma zumar ce ta yi yawa, na bar shi a kan taga ya sha iska, da na dawo daga magariba kiyashi sun yi layi a kan gemun.

Dabarar da ta fi aiki a ƙarshe ba ta kuɗi ba ce, jiƙa bayan takardar ma nake yi, in shimfiɗa ta a kan tiren silba da jiƙaƙƙen tawul a ƙasa, in rufe ƙofar zaure. Kawu yace na mayar masa da zaure kurkuku.

29 ga Disamba

Ban taɓa buroshi ba, bikin 'yar yayata. Sha uku aka tsaya.

12 ga Janairu

Kwana biyun nan na fi karatu a kan zane, kuma na ci karo da abin da ya ɓata min rai game da Nolde. Labarin da na fara sani shi ne na mutumin da 'yan Nazi suka zalunta. Kuma gaskiya ne sun kwashe ayyukansa sama da dubu daga gidajen tarihi a 1937, suka baje wasu a Munich a baje kolin da suka shirya don tozarta irin wannan zane, a 1941 suka hana shi sayarwa da nunawa, ya koma yana yin ƙananan zanen fentin ruwa a gidansa, kusan 1,300, waɗanda ya kira hotunan da ba a zana ba. Wasu ba su wuce tafin hannu ba, kuma su ne suka fi komai nasa kyau a idona.

To amma shi kansa ɗan jam'iyyar ne tun 1934, mai ƙin Yahudawa ne na gaske, bai bar ra'ayin ba har aka ci su da yaƙi, baƙin cikinsa kawai shi ne sun ƙi karɓarsa. Bayan yaƙi aka gyara labarin aka share wannan ɓangaren. A 2019 aka yi wani baje koli a Balin da ya tona komai da takardunsa, a shekarar ce Angela Merkel, shugabar gwamnatin Jamus ta lokacin, ta sa aka sauke zanensa biyu daga ofishinta.

Na yi kwana uku ina tunanin ko in cire shi daga aikin. Ban cire shi ba. Yadda ja yake shiga shuɗi a jiƙaƙƙiyar takarda ba mallakinsa ba ne. Amma fuskokin da ya zana a Niyu Gini a tafiyarsa ta 1913 zuwa 1914, lokacin wurin yana hannun Jamus, da nake ta yabawa don ya iya baƙar fata da shuɗi da kore, yanzu in na kalle su sai in riƙa tambayar kaina da wane ido ya kalli mutanen nan suna zaune a gabansa.

26 ga Janairu

Kawu ba lafiya, tari da zazzaɓi, sati guda bai fito zaure ba. Da sauƙi yanzu alhamdulillahi. Ranar Laraba na je da kayana don na saba, na tarar da kujera ba kowa, rediyo a kai, carbi a rataye a hannun kujerar, takalmansa a ƙasa ɗaya ya hau kan ɗaya. Sai na zauna na zana su haka nan.

Shile ne ya faɗo min a rai. A watan Afrilun 1912 aka kama shi a Neulengbach, wani ƙaramin gari da yake haya, mutanen garin dama sun gaji da yadda yara suke tararruwa a ɗakin aikinsa, kuma ni ma da a layinmu ne ba zan so ba. Manyan tuhume-tuhumen sun faɗi a kotu, aka same shi da laifin barin zanen batsa inda yara za su gani, alƙali ya ƙona ɗaya da kyandir a gabansa, duka-duka ya yi kwana 24 a tsare. A cikin ɗakin da aka kulle shi ba mai zama masa, sai ya zana abin da ke wurin, kujera, tulu, ƙyallayensa biyu a rataye, ƙofa, lungu da tsintsiyoyi da bokitai. Akwai ɗaya na gadonsa, komai toka-toka da ruwan ƙasa, sai lemo guda ɗaya a kan bargo, ya rubuta a jiki cewa lemon nan shi kaɗai ne haske. Suna gidan tarihi na Albertina a Viyana.

Abin da ya ba ni mamaki a kujerunsa shi ne suna da hali irin na mutanensa, a karkace, a takure, kamar su ma an tsare su. Ni ma tawa kujerar, ta sha bakwai, ta fi duk sha shidan baya kama da Kawu, har da lotsawar da zamansa ya yi wa matashin. Kala ɗaya tak na sa mai ƙarfi, koren carbin. Inna ta leƙo ta gani ta ce Allah ya sawwaƙe, ka zana kujerar mutum ba shi a kai yana kwance ba lafiya, ɗauke min wannan daga nan. Na kife ta a cikin jaka.

Shile dai shekara 28 ya yi a duniya. Murar nan da ta game duniya a 1918 ce ta kashe shi ranar 31 ga Oktoba, kwana uku bayan matarsa Edith da ke da cikin wata shida. Ban gaya wa Inna wannan ba.

9 ga Fabrairu

Kawu ya dawo kujerarsa, ya rame, wuyan rigar ya yi masa yawa. Na shiga Kokoshka.

Shi wannan ya daɗe, an haife shi a 1886 ya mutu a 1980, duk da an harbe shi a kai kuma an soke shi a huhu a yaƙin duniya na ɗaya a 1915. Fentin ruwansa da nake dubawa na lokacin da yake koyarwa a Dresden ne, daga 1919 zuwa 1923. Ba fensir ko ɗaya. Babban buroshi, faci-facin kala manya, ja nan, kore can, rawaya a gefe, da farin takarda a tsakaninsu kamar hanyar ruwa tsakanin kunyoyi, kuma daga nesa sai ka ga yarinya a zaune ta juya kai. Ba ya barin kala ta narke cikin kala irin na Nolde, ba ya kuma ɗaure ta da layi irin na Shile, gefen facin shi ne layin.

A 1953 ya buɗe makarantar bazara a Salzburg da ya kira makarantar gani, kuma da fentin ruwa yake sa ɗalibai su yi aiki da gangan, don ba a gyara shi, masu tsaya musu kuma ba sa daskarewa wuri ɗaya, motsi suke yi. Da na karanta wannan sai na ji kunya, wata uku ina ce wa dattijo Kawu ku ɗan tsaya, Kawu ku mayar da hannun inda yake. Yau nace masa Kawu ku yi harkarku kawai kamar ba na nan. Yace dama can ba ka nan, surutunka ne yake nan.

Minti goma na ba kowanne, na sa ƙararrawa a waya. Na yi uku a zama ɗaya, 19 da 20 da 21. Kuma ga abin daɗi, wannan hanyar hunturu ba ya cutar da ita, taimakonta ma yake yi, don faci yana bushewa nan take sai ka ɗora na kusa da shi ba su haɗe ba. Da na sani da ita na fara a Disamba ban ƙona takarda takwas a banza ba.

Na 20 yana miƙa hannu zai murɗa rediyo ne, kan ya fi ƙarfin jikin, hannun ya yi tsawo fiye da kima, amma duk wanda ya shigo gidan ya gani sai yace Kawu zai kamo labaran ƙarfe... sai ya faɗi lokacin. Ba wanda ya ce hannun ya yi tsawo.

23 ga Fabrairu

Na jera su a ƙasa a tsakar ɗaki, na hau kan gado ina kallonsu daga sama.

Kokoshka ya daɗe yana ƙorafin wai Shile kwaikwayonsa ya yi, kuma in ka dubi hannaye a hotunan mutanen da suka zana wajen 1910 za ka ga inda maganar ta samo asali, yatsu dogaye a tsattsaye kamar suna jin zafi. Amma ni yanzu da na gwada bin sawun kowanne da hannuna ban ga kwaikwayo ba. Shile yana kallon mutum kamar likita mai fiɗa, ya san inda kowane ƙashi ya ƙare, mutanensa ko su biyu ne a rungume kowa shi kaɗai ne a cikin layinsa. Kokoshka kamar yana hira da mutumin ne yana zanawa, iska tana shiga tana fita ta tsakanin faci. Nolde kuwa, in gaskiya za a faɗa, bai damu da wane ne a gabansa ba, mutanensa ba su da suna, kala ce ta sa hula.

Shi ya sa nawa na Nolde ko da ba su lalace ba ba Kawu ba ne, wani tsoho ne kawai mai ja da shuɗi. Na Shile kuma Kawu ne amma Kawun da yake fushi, alhali mutumin nan ban taɓa ganin ya ɗaga murya ba sai kan ƙwallo.

Wani abu a gefe, Rodin na Faransa, mai sassaƙa, ya riga su duka a wannan wasan. A 1906 ya bi 'yan rawar fadar Kambodiya har Marseille ya yi musu zane kusan 150, yana jan fensir idonsa a kansu ba a kan takarda ba, daga baya ya shafa ruwan kala sama-sama wanda ko damuwa bai yi ya tsaya cikin layin ba. Na gwada jan layi ba na kallon takarda. Kunnen Kawu ya sauka a kafaɗarsa. Amma layin kafaɗar da kansa, kai, ban taɓa jan mai rai irinsa ba.

15 ga Maris

Azumi. Bayan la'asar ni da shi duka ba mai ƙarfi, yana gyangyaɗi ina gyangyaɗi. Biyu kawai na yi, 27 da 28, yana barci baki a ɗan buɗe carbi ya zame zuwa cinya. Bai san na yi ba kuma ba zan nuna masa ba.

20 ga Afrilu

Zafi ya narkar da fentin da na sa wa zuma, ja ya malala cikin rawaya a akwati, na wuni ina kankarewa da reza.

Na 31 ne abin takaicin. Minti goma sha biyu ya yi kyau, na sani ya yi kyau, fuskar faci huɗu ce kawai da layin fensir ɗaya daga hula zuwa haɓa. Sai nace bari in ɗan gyara idon hagu. Daga ido na koma kunci don su daidaita, daga kunci na ga goshi ya yi fari da yawa, na ɗora kala a kan kala har sau biyar, ƙasan ya tashi ya gauraya da na sama ya zama taɓo, kafin a kira magariba gunkin shagon tela ya dawo yana kallona. Kilinan yana hannun ƙanwata tun Nuwamba amma ashe da buroshi ma ana gogewa.

Na ce wa Kawu daga yau in ƙararrawa ta yi ku miƙo hannu ku karɓe takardar ko ina magiya. Abin ya yi masa daɗi fiye da yadda na so.

25 ga Mayu

An yi ruwa daren jiya, na kirki, yau zaure yana ƙamshin ƙasa kuma bangon yana sanyi. Na jiƙa takarda don gwaji na tafi na sha ruwa na dawo, tana nan a jiƙe tana sheƙi. Wata biyar da rabi ina jiran wannan.

Na 36. Ba tire ba tawul ba ƙaro. Na fara da layi ɗaya na fensir ina kallonsa ba na kallon takarda, daga hula zuwa kafaɗa zuwa hannun da ke kan rediyo, ban ɗaga ba. Na jiƙa rigar kawai da bangon bayansa, na bar fuska da hannu a bushe. Na saki shuɗi a rigar ya tafi da kansa, ya tsallake layin ya shiga bango ta wajen kafaɗa, hannuna har rawa yake yi don son in tare shi, na ƙyale. Garin shuɗin ya zauna a ramukan takardar ya yi tsaki-tsaki kamar shadda da ta sha wanki. A fuskar faci uku na sa a kan busasshiyar takarda, ruwan ƙasa mai ja a kunci, shunayya a goshi, gemun kuma farin takarda ne ban taɓa shi ba.

Ƙararrawa ta yi ina shirin taɓa idon. Kawu ya miƙo hannu, nace Kawu don Allah ku bari in sa ɗigo ɗaya, yace ba ni nan. Ya riƙe ta da yatsu biyu ta gefe tana ɗiga a kan tabarma, ya nesanta ta da fuskarsa don ba tabarau, ya daɗe yana kallo. Sai yace wannan ai Yaya ne. Babana yake nufi, wanda ya rasu ina aji uku na firamare, kuma hotonsa ɗaya ne tak a gidan, na katin aiki. Ya ƙwala wa Inna kira ta zo ta gani, ta tsaya a bakin ƙofa da ludayi a hannu ba ta ce komai ba, ta koma.

Ya hana ni tafiya da ita, tana kan rediyo a jingine da bango, gefen ƙasa ya ɗan nannaɗe don ban manne ta da tef ba.

1 ga Yuni

Na 37 na so in maimaita abin da ya faru, bai yiwu ba, shuɗin ya gudu ta wajen fuska ya cinye kunne. Saura falle uku. Gobe in an wayi gari da hadari zan je da wuri kafin ya kunna rediyo, ina so in gwada shi a tsaye yana ɗaura agogo.